Kek ɗin da Inna Ba Ta Ɗanɗana Ba

Da rana tsaka, ina ofishin jaridarmu a Kano ina tace labari, wayata ta yi ƙara. Saude ce, ƙanwata. Na san ta hau bakin kanal, domin a ƙauyenmu na gefen Bunkure nan kaɗai waya ke kamawa, kuma ina jin kukan injin ban-ruwa a bayanta. Ta ce, "Yaya, sai haƙuri. Inna ta cika." Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na rufe biro, na ɗauki mayafina, na nufi tasha.

Ni ce 'yar farinta. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ma'anar haka. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa miƙo mini abu hannu da hannu ba, ba ta kuma taɓa yi mini magana kai tsaye ba. A hannun kakata na girma. In na zo gida, sai Inna ta dubi Saude ta ce, "A tambayi 'yar birni ko ta sha ruwa." Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ita ma haka uwarta ta yi wa babban yayansu. Na san wannan sarai, na ma taɓa rubuta sharhi a kansa. Sanin bai rage mini komai ba.

Sana'arta kayan zaƙi. Alewar madara, gullisuwa, kantun riɗi, nakiya, da alkakin da ake aikowa nema tun daga Kura da Madobi idan za a kai gara. Ba ta son a yi mata surutu in suga yana kan wuta. Takan ce, "Alewa ba ta jiran mai hira." Ranar kasuwa kuwa, ɓarɓashin da ya rage a faranti ba ta haɗa shi da na sayarwa, na yaran masu tsinkar tumatir ne. Duk sanda mota za ta shiga Kano, sai ƙullin gullisuwa ya iso gidana da saƙon cewa na yara ne. A lokacin ba ni da ɗa ko ɗaya.

Sai ciwon suga ya kama ta. Likita ya hana ta abin da ta shekara talatin tana dafawa. Ta ci gaba da yi, tana gane nunarsa da ido da hanci, har ranar da wani ɗan miki a ƙafa ya ƙi warkewa, aka kai ga yanke ƙafar. Daga nan duniyarta ta koma ɗaki ɗaya mai taga ɗaya. Ta tagar tana hango ruwan kanal yana wucewa, da motocin albasa, da matan da ke tafiya biki ɗauke da alkakin wasu. Ba ta yi ƙorafi ba. Abin da ta taɓa faɗa kawai, ga Saude, shi ne, "Ruwan nan ma da aka yi wa hanyar siminti ya fi ni yawo."

Akwai wani abu da ta daɗe tana ambata. Zamanin da ake haƙa kanal, marigayi babanmu yana tuƙa injiniyoyin aikin, ya taɓa kawo mata yankan wani kek naɗe a takarda. Fari ne, mai sanyi, ƙasansa garas-garas, samansa kamar kindirmon da ya yi barci, inji ta. Sau ɗaya ta ci. Da daminar bara na ci karo da shi a wata mujalla: kek ɗin cuku. Na tafi gida na ba Saude labari a gabanta. Inna ta juya fuska ga taga ta ce, "In da mai hannu a gidan nan, da an gwada."

Cukun Turawa ba mu da shi, tanda ba mu da ita, wutar lantarki kuwa baƙuwa ce. Inna ta ce a ɗaure kindirmo a farin ƙyalle, a rataye har ruwan ya tsiyaye. Jumma, Bafulatanar da ke kawo mata nono tun muna yara, ta tarar da ƙullin yana lilo a reshen darbejiya, ta dafe ƙirji. "Dije, me nonona ya sata kuka rataye shi?" Inna ta ce, "Ruwan da kika zuba masa muke ƙwatowa." Jumma ta ce, "Kaɗo ba ya godiya." Rabon da in ji dariyar Inna an daɗe.

Washegari muka jawo gadonta zuwa bakin ƙofa. Na daka biskit a turmi, na murza shi da man shanu, na danne a ƙasan kwano. Na kaɗa nonon da ya yi kauri da ƙwan zabi da suga da ɗan lemun tsami. Muka zuba yashi a ƙasan babbar tukunya, muka ɗora kwanon, muka jera garwashi a kan murfi. Duk umarni ta bakin Saude yake biyowa. "A ce wa waccan ta daina bugunsa haka, ba fura ba ce."

Ana cikin haka aka aiko kiran Saude, ruwa ya fasa kuyyar gonar shinkafar mijinta, dole ta kai wa masu gyara abinci. Ta fita. Gidan ya rage daga ni sai Inna sai tukunya. Ban tuna ranar da aka taɓa barinmu mu biyu ba. Ita ba ta iya tashi ta ba ni wuri, ni ba na iya barin wuta. Na ji ƙauri ya fara tashi, ban san ko in rage garwashin sama ko na ƙasa ba, ban kuma san yadda ake tambayarta ba. Na dube ta, ta dubi ƙasa. Na ga laɓɓanta suna motsi.

Can ta ce, "Tukunyar nan, wutar ƙasanki ta yi yawa."

Na janye itace.

"Tukunya, kada a buɗe ki. Mai leƙe ba ya cin mai kyau."

Amma na riga na leƙa. Da aka sauke, saman ya tsage daga gefe zuwa gefe. Muka bar shi ya huce a jiƙaƙƙen yashin gindin randa har bayan la'asar. Saude ba ta dawo ba. Na kawo shi gabanta da wuƙa, na ja da baya. Ta yanka, ta kai yankan kusa da hancinta, ta daɗe a haka idonta a rufe. Na so in ce ta ɗan lasa, likita ba ya nan. Na kuma san abin da lasar za ta iya jawowa ƙafar da ta rage. Ita ce ta sauke shi daga hancinta, ta juya fuskarta ga bango, ta miƙo hannu ta inda nake.

"Karɓi."

Na karɓa. Yatsunta sun taɓa nawa.

"Akwai tsami a ƙarshen harshe?"

Na ce, "Akwai, Inna."

"To shi ne."

Aikina ya koya mini kada in rubuta abin da ban tabbatar ba. Ba zan iya cewa kek ɗinmu ya yi kama da wanda babanmu ya kawo ba; shi ya rasu, ita kuma ba ta ɗanɗana ba. Ba zan ce daga ranar komai ya sauya ba. Da Saude ta shigo, na koma 'yar birni, haka na zauna har ƙarshe. Sunana bai taɓa fitowa daga bakinta ba, yanzu kuma an rufe ƙofar. Abin da na tabbatar shi ne matar da ke tsare a ɗaki, tsare cikin ciwo, tsare cikin kunyar da ta gada, ta sami tsaga ɗaya ta miƙo hannu. Ranar sadakar uku Jumma ta zo da ƙwaryar nono, ta ajiye a ƙofar ɗakin, ta zauna kusa da ni, ba ta yi wa kowa zolaya ba.

Allah Ya jiƙan Inna Dije, Ya gafarta mata, Ya sa jinyarta ta zama kaffara. Ya yalwata mata kabarinta fiye da ɗakin da ta zauna, Ya shayar da ita daga ƙoramun Aljanna, inda babu abin da za a hana ta. Allah Ya ba Saude ladan ɗawainiya, Ya ba mu haƙuri, mu da jikokinta da duk wanda ya taɓa cin ɓarɓashin farantinta. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa ni da ita a inda uwa ke kiran 'yarta da suna. Amin.