Dakan Kaka a Bakin Kwara

Yau kwana huɗu da faruwar abin, amma har yanzu yana raina. Gara dai in rubuta, ko zuciyata ta kwanta.

Ƙauyenmu yana bakin kogin Kwara, ɓangaren Bagudo. Muna yara, rana na shirin faɗuwa Kaka, mahaifiyar babanmu, takan hura wuta a tsakar gida, ta zuba ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro. Mu kuwa mu kewaye ta. Kafin tatsuniya sai ta ce, "Ku ara mini kunnuwanku, da sahe in maishe muku." Sannan ta ɗaga yatsa. "Wa ad daka can?"

Mu kasa kunne. Wani ya ce matar liman ce.

"Kai, kurame! Matal liman hannunta nauyi garai. Wagga matas Sarkin Ruwa ta. Ba ku ji tana sauri awa miyatta na ƙuna ba?"

A garinmu ba a daka bayan duhu, shi ya sa mata ke gaggawar ƙarasawa. Kowace mace da irin bugunta. Na Kaka kowa ya san shi: bugu biyu, ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe.

Tatsuniyar da na fi roƙo ita ce ta Ladi, yarinyar da Dodon ruwa ya ja ƙarƙashin kogi. Ya ba ta zannuwa da kifi mai mai, sai dai gidansa babu zakara, babu kukan jariri, babu ko tari. Shirun ya yi ta cin ta har ta fara manta sunanta. Uwarta ta mirgina turmi zuwa gaɓa, ta yi ta dakan turmin wofi. Dodo ya ji, ya tara dorinai suna buga ƙafa ta kowace kusurwa don su rikita yarinyar. A nan Kaka takan rage murya: "Amma dorina ba ta iya taɓi." Ladi ta bi bugun da ke da tafi a tsakiya har kanta ya fito daga ruwa.

Da na tafi sakandare na dawo hutu da iyayi. Na ce wa Kaka malamarmu ta koya mana cewa sauti iska ce kawai take motsi. Na ba ta labarin rediyon wani ɗan Kudu mai kanti a Bagudo, wadda jama'a suka yi cincirindo suka ji labarin 'yancin kai a cikinta, magana tun daga Ikko. Kaka ta ce, "Madalla. To ki ce ma akwatin shi kira sunanki mu ji."

Ranar kasuwar Lolo da ta wuce na bi jirgi na haye sayayya. A kan hanyar dawowa hadari ya taso mana a tsakiyar ruwa. Iska ta juya jirgin, fitila ta mutu, muka afka cikin burgu, ciyawar ruwan nan da ta fi mutum tsayi. Ruwan sama ya ɗauke ya bar mu cikin duhu. Dattijon da ke tuƙi, Basarke ne, ɗan gidan masunta, da ya tsufa a kan kogin, ya ajiye filafili ya ce bai san ina ne gida ba, ina ne ƙasar Dahome. Ruwa na shigowa ta wata ɓaraka, muna kwarfewa da ƙwarya, yana kai mana idon sawu. Wata mata ta ƙanƙame jaririnta tana kalmar shahada.

Sai muka ji daka. Can nesa, turame da yawa, kuma kogin yana maido da amon ta ko'ina. Matuƙin ya ce gabas, wani fasinja ya rantse yamma. Na rufe ido, kamar dai ina gaban wutar nan. Bugu biyu. Tafi. Bugu biyu. Tafin ba shi da ƙarfin da zai yi amsa-kuwwa, ta wuri ɗaya kawai yake zuwa.

Na ce, "Baba, hagu! Wallahi Kakata ce!"

Ya karkata jirgin.

Ashe da jirgi bai dawo ba, Kaka ce ta tashi matan gari suka fitar da turame gaɓa. Shekara uku rabonta da taɓarya saboda ciwon kafaɗa. An yi an yi ta bari, ta ce jikarta ba ta san hannun kowa ba sai nata.

A da ina ɗauka Ladi ce mai labarin. Sai yanzu nake tuna uwar, tana daka turmin wofi ba ta san ko ana jin ta ba. Kuma duk maraicen nan na "wa ad daka", ashe hanya Kaka take koya mana.

Jiya ina shafa mata man kaɗanya a tafin hannu, duk ya ɗuri ruwa ya fashe. Hawayena ya ɗiga a kai. Ta dube ni ta ce, "To, 'yab boko, iska ta ko?"

Na ce, "Iska ce, Kaka. Amma ta kira sunana."