Karfasata a Kwalbar Alewa

Wata Talata a bazarar 2015, ina ƴar shekara tara, na shigo Diffa a kan amalanken jaki rungume da buta. Innata ta ɗauko tukunya da tabarmi, babana ya ɗauko komarsa da ba zai sake jefawa ba, ni kuwa ƴar karfasa ce da ni a cikin butar, wadda ya kamo mini a Komadugu kafin a ce kowa ya tashi daga bakin kogi saboda ƴan tada ƙayar baya. Duk hanya ina ɗaga murfi ina leƙawa, in ga ko tana motsi.

Wani dillalin tattasai, Alhaji Bukar, shi ya ba mu ɗakin da yake ajiye buhuna. Wai taimako! Ɗakin da muka yi wata muna atishawa a ciki, kuma kullum sai ya tuna mana cewa albarkacinsa muke ci. Ni ke sharar tsakar gida, ni ke jan bidon ruwa daga famfo, ni ke korar awakinsa daga shanya, ƴaƴansa suna zaune suna carafke suna kirana ƴar gudun hijira kamar ba a raɗa mini suna ba. Mai shagon unguwa ne kaɗai ya ga butata ya ji tausayi, ya ba ni ƙatuwar kwalbar alewa da ta ƙare. Na wanke ta, na zuba yashi a ƙasa, na saki karfasata ciki, ina ba ta dusa da gara.

A cikin gilashin nan na fara ganin abin mamaki. In muna mu kaɗai, sai ta yi duhu, maƙogwaronta ya yi ja-ja, tana yawo tana ƙasaita. In an buga ƙofa ko inuwa ta faɗo mata, nan take sai ta koɗe ta yi fari fat, zane-zane su fito mata a gefe, ta lafe a yashi. Babana ya ce, "Tsoro ne, Falmata. Kifi ba ya iya ɓoye shi." Na lura kuwa ba wanda ke koɗar da ita kamar Alhaji, mai takun nan kamar zai fasa ƙasa.

Bakina ne ya ja, na gaya wa ƴarsa, ta kai masa. Lokacin hukuma ta hana kamun kifi, ta hana kasuwar tattasai, mutumin yana cike da haushi yana neman inda zai sauke. Ya zo ya tsaya kan kwalbar, karfasar ta yi fari a gabansa. Ya ce tsafi ne. Ya ce daga ina mai gudun hijira ya samo ɗanyen kifi in ba zuwa kogi yake a ɓoye ba, kuma kowa ya san su wa ke kogi yanzu. "Ku ma haka kuke," in ji shi, "launinku biyu. Ko a fid da ita, ko in kira soji." A Diffa ta wancan lokaci, wannan magana kaɗai ta isa a tafi da mutum.

Na zaci babana zai tashi. Mutumin da ke jan giwan ruwa shi kaɗai! Sai ya ɓamɓare yatsuna daga kwalbar, ya fita tsakar gida, ya juye ta kan ƙasa mai zafi. Karfasar tana tsalle ina ihu, kajin Alhaji suka yo kanta. Babana ya durƙusa ya ce, "Mun gode, Alhaji, Allah ya ƙara girma." Na dubi fuskarsa, wallahi ta koɗe kamar an yayyafa mata toka.

Na yi kwanaki ban yi masa magana ba, sai da na girma na mayar da fushin inda ya dace. Alhaji Bukar ya rasu bara, innata ta ce in je gaisuwa, na ce ƙafata ba za ta taka ba. Yanzu kifi ya dawo kasuwa, ana banda ana soyawa, yara suna wucewa ba mai kallo. Ni kuwa in na ga karfasa a faranti sai in tuna da jan maƙogwaron nan, da babana kafin mu bar kogi. Launinsa na da bai ƙara dawowa ba.