Barcin da Ya Raba Yayana da Aikin Soja

Ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, akwai wata safiya a wani asibiti na Guangzhou, a ƙasar Sin, da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ranar ce na ga yayana, mutumin da ban ga hawayensa ba ko ranar da mahaifinmu ya rasu, ya kifa kai a kan teburin likita yana kuka.

Shekara goma sha biyu ya ba ni. Ni ce ƙarama a gidanmu, kuma Auta yake ce mini har na yi 'ya'ya uku. Ya shiga soja ina firamare, don haka na tashi ina tinƙaho da shi a unguwa. A wani zuwa da suka yi fagen daga, motarsu ta taka nakiya. Ya tsira da ransa, amma karan hancinsa da muƙamuƙinsa sun karye. Aka ɗora shi, ya yi 'yan watanni a asibiti, aka mayar da shi bakin aiki. Shekara biyu bayan nan sai ga shi ya dawo Kano da jaka ɗaya, ba kaki. An kore shi. Abin da aka rubuta a takardarsa shi ne an same shi yana barci a wurin gadi. Bai ƙara mana komai a kan haka ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Wanda aka kora ba shi da haƙƙin da ake ba sojan da ya nakasa a bakin aiki. Shi kuwa ya dage cewa raunin da ya ji ne ya sauya shi, saboda haka ya buɗe fayil a ofishin da ke kula da tsofaffin sojoji yana neman a mayar da korar sallama ta rashin lafiya. Shekara bakwai yana zarya. Duk zuwan da ya yi magana ɗaya ce: ina takardar likita da ta nuna ciwo? Likitocin da ya gani kuwa hawan jini kawai suke samu, su ce ya rage ƙiba.

Gaskiyar da nake jin nauyin faɗa ita ce mu ma a gida ba mu yarda da shi ba. Mutum ne da zai yi barci yana cin abinci, ya yi barci ana huɗubar Juma'a. Minsharinsa kuwa har maƙwabta sun san shi. Ya gwada tuƙin a-daidaita-sahu, ya afka kwata. Ya gwada tsaron shago, aka sallame shi. Yaran dangi suna kwaikwayonsa, manya muna dariya. Shi ma sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai.

A lokacin ni da maigidana mun kai shekara shida a Guangzhou. Shi yana harkar lodin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ni ina saro wa matan Kano abaya da dogayen riguna. Mahaifiyarmu ce ta matsa mini a waya, ta ce, “Ki ja ɗan'uwanki ko sau ɗaya ya ga yadda ake sari, ko Allah zai sa abincinsa a nan yake.” Maigidana ya nema masa biza ta 'yan kasuwa, ya zo. Na lura har a jirgi bai rabu da wata jakar leda mai ɗauke da fayil ɗinsa ba.

Kwana huɗu da zuwansa na kai shi manyan kantunan tufafi na titin Guangyuan Xilu. Muka fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka bi ayarin masu sari da ƙafa, muka hau bene na uku wurin wani lauban, wato mai shago, da na daɗe ina hulɗa da shi. Ina neman wata abaya mai aikin duwatsu yana ce mini meyo, babu, ina cewa ya duba sito. Na ba Yaya jakata da samfuran da mata suka aiko, na ce ya zauna ya riƙe. Ban fi minti goma ba sai na ji wata ƙara kamar ana jan buhu a kan siminti. Na waiga. Yaya ne, kai ya karkace, baki a buɗe, samfuran sun zube a ƙasa ana takawa. 'Yan matan shagon suna rufe baki suna dariya, ɗaya har ta ɗaga waya tana ɗaukarsa.

Na tashe shi da ƙarfi. Da muka sauko bakin titi, cikin zafi da cunkoson mutane, na faɗi maganar da har yau nake neman gafarar Allah a kanta. Na ce, “Haba Yaya! Har a ƙasar mutane? Wallahi yanzu na gane ba su zalunce ka ba da suka kore ka.”

Ya tsaya ya dube ni. Bai yi fushi ba. Cewa kawai ya yi, “Haka ne, Auta. Yi haƙuri, na ba ki kunya.” Ya karɓi ledar kayan daga hannuna ya wuce gaba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Akwai wata baiwar Allah 'yar Damagaram da take shekararta ta ƙarshe a karatun likita a wata jami'a ta garin. Duk Juma'a takan zo gidana cin tuwo da miyar kuka. Tanti take ce mini, wato inna, kamar yadda ake yi a garinsu. Wannan Juma'ar, bayan maza sun dawo daga masallaci an ci abinci, Yaya ya jingina da kujera a falo, nan take barci ya kwashe shi. Ina ba ta haƙuri kan minsharin sai ta ɗaga mini hannu.

“Tanti, yi shiru tukuna. Saurara.”

Minsharin ya tsaya cak. Ƙirjinsa yana motsi kamar mai kokawa, amma babu iskar da take shiga. Tana kallon agogon hannunta, ni ina kallon leɓensa yana yin duhu. Har na yunƙura zan taɓa shi sai ya fizgi numfashi da wata irin shaƙa, ya zabura, ya koma. Ba a jima ba abin ya sake faruwa.

“Tanti, tun yaushe yake haka?”

“Ai shekaru ke nan. Haka barcinsa yake.”

“Wannan ba barci yake ba. Maƙogwaronsa ke rufewa. Mutumin nan shaƙe shi ake yi, ya farka, a sake shaƙe shi, shi bai ma sani ba. Dole a kai shi asibiti.”

Ita ta yi mana hanya. Aka kwantar da shi kwana ɗaya, aka manna masa wayoyi a kai da ƙirji da yatsa domin na'ura ta auna barcinsa. Washegari da safe muka shiga wurin likitan, wani dattijo Basine mai furfura da tabarau, 'yar Damagaram tana yi mana tafinta. Ya juyo mana da fuskar kwamfuta yana nuna wasu layuka masu hawa da sauka. Ya ce numfashin Yaya yana ɗaukewa fiye da sau sittin a awa guda. Ya nuna hoton ƙashin fuskarsa, ya ce muƙamuƙin ya haɗe a karkace ya koma baya, hancin kuma ya toshe, su suka matse hanyar iska. Ya tambaya ko ya taɓa yin haɗari. Yaya ya ce nakiya ce. Likitan ya gyaɗa kai, ya ce zuciyar ma ta wahala, dole a lallaɓa ta.

 Sai Yaya ya dubi tafintar ya ce, “Ƙanwata, tambayar mini shi. Mai irin wannan ciwon, in aka sa shi gadi da rana, ya san rayukan mutane suna hannunsa, in ya dage da gaske, zai iya hana kansa barci?”

Ta fassara. Likitan ya cire tabaraunsa ya yi magana a hankali. Ta juyo ta ce, “Ya ce a'a. Ya ce mutumin da ya shekara bai samu barcin kirki ba, jikinsa zai ɗauke da kansa kamar an kashe fitila, ko da bindiga aka ɗora masa a ka. Ya ce ba zaɓinka ba ne.”

Sai Yaya ya kifa kai a kan teburin. Kafaɗunsa suka fara rawa, wani sauti ya fito daga ƙirjinsa wanda ban taɓa jin irinsa daga bakin namiji ba. Likitan bai gane me ya faru ba, amma ya miƙa hannu ya dafa kafaɗarsa ya bar hannun a wurin.

A kan benci a harabar asibitin ya faɗa mini abin da ya ɓoye shekara bakwai. Ranar da barci ya ɗauke shi a wurin gadi, da la'asar ne, kuma a daidai lokacin aka kawo musu hari. Amininsa, wanda suka shiga soja rana ɗaya, yana alwala a bayan tanti. Shi aka fara harbi.

“Kullum in na rufe ido sai in gan shi da buta a hannu,” in ji shi. “Ina ta zuwa ofis ina cewa ciwo ne, amma a zuciyata ni ma ban yarda ba, Auta. Na ɗauka ni ne kawai ragon da kuke faɗa.”

Na durƙusa a gabansa a wurin, mutane suna wucewa suna kallonmu, na ce ya yafe mini. Ya ce, “Tashi, kar ki tara mana jama'a. Me kika yi? Abin da kowa ya gani kika faɗa.”

Aka rubuta masa wata na'ura, ƙaramar akwati mai tiyo da takunkumi, wadda take tura iska cikin hanci in mutum yana barci. Kwanakin farko ya sha fama, ya ce ji yake kamar an sa masa linzami. Cikin mako guda sai ga wani mutum daban. Ya riga kowa tashi, ya dafa mana shayi, ya bi maigidana Huangpu ya wuni a tsaye ana lodi bai yi gyangyaɗi ba. Har ya koyi cewa shiye-shiye, yana yi wa masu shago godiya suna dariyar lafazinsa. Wata rana ya ce mini, “Ashe haka kuke ji da safe? Ashe haka duniya take da haske?” Makonni ukun da ya ƙara yi tare da mu su ne rabon da na samu na yayana na da.

Muka kai takardun asibitin aka fassara su zuwa Turanci, aka buga musu tambari. Muka saya masa batir saboda mun san halin wutar gida. Ranar da zai tafi, a filin jirgi, ya rungume jakar na'urar a ƙirji ya ƙi yarda a sa ta cikin kaya.

Da ya kai takardun ofis, aka ce sakamakon asibitin ƙasar waje ba ya wadatarwa, sai kwamitin likitocinsu ya gan shi da kansa. Ya jira wata goma sha ɗaya kafin a ba shi rana. Ya yi tafiyar yini guda a mota zuwa garin da kwamitin yake zama, aka ce wani babba bai zo ba, ya dawo gobe. Gobe ta koma jibi. Ba shi da kowa a garin, a barandar wani masallaci kusa da ofishin yake kwana tare da wasu tsofaffin sojoji masu jira irinsa. Babu inda zai sa caji, batirin ya mutu tun kwana na biyu. Matarsa ta roƙe shi a waya ya dawo gida, ya ce in ya tafi aka kira sunansa, sai wata shekarar kuma. A rana ta huɗu, bayan sallar azahar, ya jingina da bango ya ce wa na kusa da shi ya tashe shi in an fara kira. Da aka fara kiran, an tashe shi bai tashi ba.

Ina cikin sito ina duba ɗinkin wasu riguna maigidana ya shigo. Bai taɓa biyo ni kasuwa ba. Ina ganin fuskarsa na zauna a kan kwali.

Na iso Kano ranar sadakar uku. Cikin masu ta'aziyya akwai wata tsohuwa da babu wanda ya san ta, ta zo daga wani ƙauye mai nisa, jikarta tana riƙe da hannunta. Ta ce a nuna mata wadda take ƙasar Sin. Ita ce mahaifiyar aminin nan nasa. Ta ce mako guda da dawowar Yaya daga ƙasar Sin, tun kafin ya je ofis, ya zo har ɗakinta da takardar asibitin. Ba ta iya karatu ba, amma ya karanta mata layi-layi yana fassarawa, sannan ya gaya mata yadda ɗanta ya rasu, ya ce ta yi masa hukuncin da ta ga dama.

“Na ce masa, ɗan nan, ni ban taɓa riƙe ka ba. Kwanan ɗana ne ya ƙare. Da ka zo tun tuni ai da na gaya maka.” Ta share ido da gefen mayafi. “Ya ci tuwona ranar, ya cinye tas. Tun daga nan duk wata sai ya zo ya duba ni.”

Fayil ɗin yana nan har yau, matarsa ce take bin sa. An ce mata ana dubawa.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. Shekara bakwai muna zaune da mutum yana nutsewa a gabanmu, babu wanda ya tsaya minti ɗaya ya saurari numfashinsa, sai baƙuwa da ta zo cin abinci. Mun riga mun yanke hukunci a kansa, shi ya sa muka daina gani. Yanzu in na ga mutum ya sauya, mai kuzari ya zama kasalalle, mai fara'a ya zama shiru-shiru, ba na saurin laƙaba masa suna. Nakan matsa kusa in tambaye shi me yake damunsa, kuma in tsaya in ji amsar, domin na san akwai ranar da za a so a tambaya a tarar babu wanda zai amsa.