Babban Yatsan Alhaji Tanko

Ku da kuka taɓa yin musabaha da Alhaji Tanko, Allah ya jiƙansa, kun sani cewa yatsu huɗu yake ba mutum. Babban yatsansa na dama kuwa yana can a tsaye, an shafe shi da man kaɗanya, an naɗe da farin ƙyalle kamar jinjirin da ba a yi wa suna ba. Baƙo ya tambaya, “Alhaji, karkare ne?” Sai ya amsa, “Lafiyarsa ƙalau, ya ma fi ka. Hutu yake.”

Ni Malam Isyaku taubashinsa ne, ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka ina da ikon faɗin abin da sauranku za ku ji nauyin faɗa.

Tanko tela ne. Tun yana da ƙuruciyarsa ya haye Jidda, ya samu wani dattijon Balarabe mai shagon ɗinki ya tsaya masa. Shi ne kafilinsa, wato wanda takardar zamansa, igama, take rataye a wuyansa. Da Tanko irin sauran mutane ne, da ya yi zamansa a can ya yi ƙiba. Amma yana da gonar gado a nan bakin tsamiya, kuma kun san ƙasarmu: gona jikin gona, ko wurin ɗaure akuya babu na banza. Wanda ya ba da aron gona, mai aro ya zuba mata taki shekara da shekaru, ranar karɓa sai an je gaban dagaci. Don haka kowace damina sai ya nemi bizar fita da komawa, ya zo ya shuka gero, ya girbe, ya koma kafin wa'adinta ya cika. Idan ya cika yana nan, to shi da shago da igama sai labari.

Na taɓa ce masa, “Tanko, ka huta da wannan zirga-zirga. Ba ni gonar in riƙe maka.”

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, “Isyaku, duk garin nan ai kai na fi tsoro.”

Wannan zama tsakanin sama da takarda shi ya hana shi natsuwa. Bai taɓa zama a dakalina ya miƙe ƙafa ba. Yana tsugune a baki-baki, ido ɗaya a gabas yana duban hadari, hannu ɗaya a ƙirji yana lallaɓar jakar fatar da ya ɗinka wa takardunsa a cikin taguwa. Ana cikin hira sai ya zabura, ya zaro fasfo, ya karanta ranar da biza za ta mutu, ya mayar. A kawo fura, ya sake zarowa. Matarsa Hajiya Talatu ta ce masa, “Alhaji, tun ɗazu ranar ba ta motsa ba.” Ya ce, “Ke dai ba ki san su ba.”

Labarin hoto da bakinsa ya ba mu. Ya ce shekarar da ya isa can, mai hoto ya yi masa rangwame, sai ya sa aka wanke masa ƙananan hotuna cike da ambulan, ya ƙudurta ba zai sake tsayawa gaban mai hoto ba sai sun ƙare. Shekaru suka tura, gemu ya yi fari, kumatu suka faɗa, ambulan bai ko kai rabi ba. Ya je sabunta fasfo, ya miƙa. Ma'aikacin ya dubi hoto, ya dubi Tanko.

“Baba, na ɗanka ka kawo. Naka muke so.”

“Ni ne.”

“Wannan ai ko gemu bai haɗa ba.”

“To laifin hoton ne? Shi yana nan yadda na bar shi. Ni ne na lalace.”

Aka sallame shi. Kun san abin da bawan Allahn nan ya yi? Ya tafi ya aske gemu, ya rine gashin baki, ya dawo washegari yana murmushi irin na hoton. Ma'aikacin ya yi dariya har da hawaye, sannan ya nuna masa kujera, ya ce ai yanzu a nan ake ɗaukar mutum da na'ura, ba a karɓar na gida. Subhanallahi! Ga gemu ya tafi, ga ambulan yana nan. Wannan fasfo haka ya ɗauke shi shekara biyar, da fuska kamar ɓararriyar gyaɗa.

Batun yatsa kuwa daga baya ya zo, lokacin da hukumomin can suka fara sa matafiyi ya ɗora yatsa a kan gilashi kafin a buɗe masa ƙofa. Tanko ya gama damina, ya sha noman firi da maimai da huɗa, ya sauka a filin jirginsu da hannu kamar bayan kunkuru. Ya ɗora, na'ura ta yi ja. Ya lasa ya ɗora, ta yi ja. Ya goga a goshi ya ɗora, ta ƙi. Aka kai shi wani ɗaki, ya wuni a kan benci, ba a ce masa shiga ba, ba a ce koma ba. Can wani babba a cikinsu ya zo ya juya yatsan, ya ce da larabci, “Ya Hajji, ina zanen yatsanka?” Tanko ya ce, “Yana jikin ƙotar fartanya, arewa da Ɗanbatta. In aika a kawo?” Sai da kafilinsa ya zo da kansa aka sake shi.

Tun daga ranar yatsan ya yi ritaya daga noma. Ku da kuka bi ta bakin tsamiya kun gani: mutum duƙe yana noma da yatsu tara, guda yana nuna sama kamar mai yaba wa hadari. Na ce, “Tanko, kai kana aiki, sarki yana kallo.” Ya ce, “Wannan shi ke ciyar da gida, Isyaku. Kai duk goman naka me suka taɓa buɗewa ban da kwanon tuwo?”

Sai shekarar nan da ruwa ya yi mana rowa. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake. A can kuma dattijon Balarabe ya riga mu gidan gaskiya, ɗansa ke riƙe da shago. Wa'adi ya ƙarato, gero yana bununi, ko ido bai yi ba. Tanko ya hau tudun makaranta inda waya take kamawa, ya roƙi yaron, yaron ya ƙara masa kwanaki. Suka ƙare, gero ya fara ido. Ya sake hawa tudu. Yaron ya ce daga wannan babu ƙari, ko Tanko ya taho ko shi ya nemi wani tela.

Ban taɓa ganin mutum ya rame a tsaye kamar yadda ya rame ba. Da hantsi yana gona, da azahar yana gona. Ya karyo kan gero ya gasa tumu, ya tauna, ya tofar. Na iske shi yana yi wa geron faɗa: “Kai ba ka da biza, shi ya sa!”

Ranar tafiya na raka shi tashar Ɗanbatta. Ya shiga motar Kano ya zauna a gaba. Ya fito. Ya koma. Direba ya ce, “Alhaji, kujerar nan ba ƙofar masallaci ba ce.” Ya leƙo ta taga, a karo na farko a rayuwarsa ya ce, “Isyaku, ka girbe mini.” Ya shiga jero mini sharuɗɗa: daga kusurwar tsamiya ake farawa, kada a kwantar da kara ta yamma, damin farko na limamin gari ne kamar yadda kakanmu yake yi.

Na ce, “Na ji. Kwantar da hankalinka, zan sa 'yan ƙwadago su share gonar wuni guda.”

“'Yan me?”

“'Yan ƙwadago mana. Da wannan bayan nawa kake so in duƙa?”

Mota ta cika, direba ya tayar. Sai kawai ya buɗe ƙofa ya sauko da jakarsa, ya ce wa direba, “Allah ya kiyaye hanya.” Muna tsaye har motar ta ɓace. Sannan ya kama bakin ƙyallen nan da haƙori, ya warware shi a hankali, ya danƙa mini a tafin hannu.

Ya ce, “Ungo. Ka daɗe kana son gadona. Ga rabonka.”

Bizar ta mutu yana tsakar gona. Da gero ya nuna, na ga ya kama magirbi da yatsu goma, yana sara yana zagin yatsan da ragwanci, wai shekaru sun sangarta shi. Bai sake ganin Jidda ba. Kekensa na ɗinki da abokan zamansa duk can ya baro su, bai kuma taɓa kawo mini kukan haka ba. Sai dai duk sa'ad da jirgi ya gifta, hannunsa yakan tafi ƙirji da kansa, sannan ya tuna, ya mayar da shi kan ƙota.

Ni na yi masa wanka bayan kakar bara. Da na zo kan hannun dama na ɗaga yatsan nan na duba. Ya yi kanta, sumul, babu ko layi ɗaya da na'urar duniya za ta karanta. Ƙyallen yana nan a aljihuna.

Ya Ubangiji, ga bawanka Tanko nan ya zo maka ba fasfo, ba kafili. Kai ka san shi ba sai ya ɗora yatsa ba. Ka buɗe masa ƙofa, ka ba shi zaman da ba shi da wa'adi, ka sa ya miƙe ƙafa ya huta. Amin.