Kawu Girdhari Ba Ya Sauke Fasinja

Kawuna Girdhari direban keke mai ƙafa uku ne a Mathura, kuma ba ya tuƙi sai da kaset ɗin malaminsa mai wa'azin ƙaunar Krishna. A wurinmu ba a tashi ana tsakiyar labarin Krishna, don haka ko an iso tasha Kawu ba ya tsayawa, sai ya yi ta zagaya shatale-tale.

Fasinja ya ce, "Haba Baba, jirgina zai tashi!"

Kawu ya ce, "Akwai na gobe, ɗana. Yi shiru, yanzu Krishna zai ɗaga dutsen."

Ranar da ya rasu, muka kunna masa kaset ɗin a hanyar wurin ƙona gawa. Muka iso wurin, a bakin kogi, malam bai gama ba. Haka muka yi ta zagaye da gawar Kawu a kafaɗa, muna gumi, muna zaginsa, muna kuka.