Ranar Da Aka Mai Da Ni Dattijo

Ina da aboki, ko in ce na taɓa yin aboki, wanda benci ɗaya muka goge da wandunanmu a firamare a Safana. Shi ya bi boko har ya ƙure shi, ya dawo da tabarau da tumbi. Ni na tsaya Batsari ina sayar da iri da maganin feshi, ina kuma ba mutane labari kyauta, wanda shi ne ainihin sana'ata.

Wata ranar kasuwa ya faɗo shagona, ya zauna kan buhun masara ba a ce ya zauna ba, ya cinye mini rogo da ƙuli, sannan ya ce littafi zai yi. Ƙauyukanmu na watsewa, in ji shi, mutanen Ruma da yawa sun dawo gari saboda ɓarayin daji, tsofaffi na mutuwa da abin da suka sani.

Ya ce, "Kai ɗan ƙauyen Zakka ne. Rubuto mini babin Zakka. Gayya, rumbu, kiwo, duk abin da ka taso ka gani. Wallahi babu mai alƙalaminka a ƙasar nan."

Maganar nan ta ƙarshe ita ta kashe ni. Rani guda na yi ina rubutu. Biron da na ƙarar, mai sayar da shi har ya tambaye ni ko makaranta na buɗe. Na rubuta yadda makaɗi ke bin manoma a baya ranar gayya, wanda ya yi lalaci a saka shi a waƙa har jikokinsa su gada. Na rubuta yadda ake ɗora rumbu kan duwatsu don gara, da yadda maigida ba ya barin kowa ya leƙa cikinsa. To ni hannuna bai iya rubutu gaya ba, sai da ɗan gishiri. Na saka shekarar da gero ya yi tsawon da sai a kan raƙumi ake yanke zangarniya. Na saka bijimin kakana, wanda in ya sha ruwa a rijiya sai an ƙara wa guga igiya. Mutumina ya karanta a gabana, ya yi dariya har da hawaye, ya ce ko wasali ba zai taɓa ba.

Ranar ƙaddamarwa a Safana na sa babbar riga mai sitacin da ko na fita daga cikinta za ta tsaya da kanta. Babu wanda ban gaya wa ba. Har mahaucin da ke maƙwabtaka da shagona na ɗauko a bayan babur, don a samu shaida.

Kafin a fara na karɓi kwafe ɗaya na buɗe. Na duba gaba, babu sunana. Na duba baya, inda ya yi godiya, ya gode wa kowa: surukansa, direbansa, mai buga masa takardu, ina jin da akuyarsu ta iya karatu da ita ma ta samu layi. Ni kuwa ko ambatona babu. Sai na buɗe babin Zakka. Ga rubutuna nan kalma da kalma, amma a samansa an rubuta: kamar yadda wani dattijo mai yawan shekaru ya shaida mana.

Dattijo! Ni da har yau nake tauna rake da turamena!

Na same shi bakin ƙofa yana gaisawa da baƙi. Na ja shi gefe na nuna masa da yatsa.

Ya ce, "Haba mutumina, tarihi ne fa. Daga bakin tsofaffi ake ɗaukarsa. Kuma tsakani da Allah, wa zai yarda da littafi in ya ga sunanka a ciki?"

Ya faɗi haka yana gyara hula, ya wuce. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na koma na zauna can baya, sitacin rigata yana cizon wuyana.

Wani babban malami da aka ɗauko daga Katsina don sharhi ya hau mumbari. Allah da ikonsa, duk littafin babin Zakka ya fi burge shi. Ya kwantar da murya ya karanta shekarar gero da raƙumi, ya ce wannan hujja ce kan albarkar ƙasa a da. Ɗakin taro ya fara motsi. Da ya zo kan bijimi da igiyar guga, sai mahaucin nan ya miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, wanga dattijo ai ga shi nan zaune! Ni na biyo shi a babur! Wannan ƙarya duk Batsari mutum ɗaya ke yin irinta!"

Ɗaki ya tarwatse. Kawuna duka suka juyo gare ni. Wani ya ce, "Baba, ina raƙumin?" Na ɗaga hannu a hankali kamar yadda tsofaffi ke yi, na ce ya rasu. Can sama na hango mutumina ya cire tabarau yana goge abin da babu.

Kada wani ya ɗauka na huce. Dariyar ta yi mini daɗi, amma dariya iska ke tafiya da ita, littafi kuwa yana nan, kuma jikokina in sun buɗe shi wani tsoho marar suna za su gani.

Bayan girbi sai ga shi a shagona, wai zai yi kashi na biyu a kan ƙauyen Darini. Ya miƙo hannu kamar yadda muka saba tun muna yara. Na bar nawa cikin hannun riga.

Na ce, "Yaro, haka aka koya maka gaida manya a gidanku?"

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Na ce, "Kai ka tsofar da ni da hannunka, an buga, an raba wa duniya. To zaɓi ɗaya. Ko ka mayar mini da sunana, ko ka tuɓe takalmi ka durƙusa ka ce ina kwana Baba, in ce Allah ya yi maka albarka."

Mahauci ya ajiye wuƙa ya matso. Masu sayen iri suka tsaya. Mutumina ya dubi ƙasa, ya dubi farar shaddarsa, ya dubi mutane.

Ya ce, "Wallahi ba ka da kirki."

Na ce, "Tsufa ne."

Bai durƙusa ba, bai kuma gyara littafin ba. Yanzu in ya shigo kasuwa ta layin masu tumatir yake zagayawa. Ni kuwa kasuwa duka Baba take ce mini, kuma ina amsawa. Tabarma na nan shimfiɗe gaban shago inda zai sa gwiwa, kullum sai na kakkaɓe ta.