Malam Namadi, Wanda Ya Ƙi Cire Makulli

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata 14 ga Agusta, 2018, saura mako guda Babbar Sallah, Malam Namadi Giɗaɗo ya rasu a gidansu da ke Dogon Daji bayan jinyar kwana tara. Ni Husaina, ungozoma a ƙaramin asibitinmu na wajen Fakku, na yi aiki da shi shekara uku, kuma ina wannan rubutu ne da ɓacin rai.

Malam, kai ke kula da 'yar na'urar da muke ajiye bayanan marasa lafiya a ciki, wadda kuke kira saba. Girmanta bai wuce kwanon sha ba, kuma da sola take aiki. A cikinta akwai sunan matar da ta yi ɓari ba ta faɗa wa kowa ba, da magidancin da gwajin jininsa ya fito da abin da ko ɗan'uwansa bai sani ba. Ka sa mata makullin da ke dagula rubutu, wanda duk ya buɗe ba da mabuɗi ba sai dai ya ga shirme.

Tun kafin a sayo ta ka rubuta abin da ake bukata: firosesa, wato zuciyar injin, mai iya aikin kullewa da kanta, ƙwaƙwalwa giga huɗu, da batirin da zai riƙe wuta ko hadari ya rufe rana kwana biyu. Ɗan kwangila ya kawo mai giga ɗaya, aka sa hannu aka karɓa. Ni na ga takardarka a ofis an ɗora butar shayi a kanta.

Dole na'ura ta yi nauyi. Kafin ta buɗe fayil guda sai na auna mace biyu. Ba zan ɓoye ba, har ni na yi maka tsiya, na ce rijistar takarda ta fi wannan abar taka sauri. Ka yi dariya, ka zauna yini guda kana cire mata duk wani aikin da ba dole ba, har ta ɗan sami numfashi.

Da Ɗanmaliki, jami'in da ke duba mu, ya ce ka cire makullin kawai a huta, ka amsa masa a gabana.

"Ranka shi daɗe, ba makulli na da laifi ba, injin ne ƙarami. Giga fuɗu nic ce. In ta lalace, kasuwar Tambuwal za a kai ta wurin masu tura waƙoƙi a waya, su ko duk abin da sunka gani sai sun kwahe. Ni ba ni cire shi."

Aka kira ka mai taurin kai, aka rubuta maka takardar gargaɗi.

Ranar sadakar uku, Ɗanmaliki ya zo gaisuwa. Bai gama shafa fatiha ba ya aika a kira ni daga cikin gida, ina zaune kusa da matarka Madina. Na'ura ta tsaya tun kana kwance, har an kai ta kasuwa, mai gyara ya buɗe ya ga shirme. Mabuɗi Ɗanmaliki yake so, don ya san ni ka damƙa wa. A ƙofar gidan mamaci, Malam, tabarmar makokinka a shimfiɗe!

Na ce masa a dawo da na'urar asibiti, a sa mata abin da ka rubuta, sannan in buɗe da hannuna. Ya ce zan gani. Jiya tawa takardar gargaɗin ta iso, na ajiye ta tare da taka.

Ina miƙa ta'aziyya ga Madina da 'ya'yanka da dukan zuriyar Giɗaɗo, Allah ya ba su haƙuri. Matan Fakku da yawa ba su san sunanka ba, suna dai shiga kasuwa ba mai nuna su da baki. Allah ya jiƙanka, Malam Namadi, ya haskaka kabarinka, ya rufa maka asiri ranar da babu mai rufawa sai shi, yadda ka rufa nasu.